Kafin Ka Sayar da Gidanka

A da, a ƙauyukanmu na Wurno ta ƙasar Birnin Kudu, ba kasafai a ke sayar da gida ba. In mutum yana son wurin zama, sai ya je wurin mai unguwa ko dagaci, a nuna masa fili. Ya kafa danga, ya yi ɗaki, ya zauna. In ya tashi, gidan ya zama kango, har wani ya zo ya roƙa a ba shi. Yanzu mutane sun yi yawa. Fili ya yi kuɗi, balle na bakin titi ko na kusa da kasuwa. Saboda haka cinikin gida ya zama ruwan dare, daga Wurno har Kantoga da Sundumina, har Sara da Basirka a ƙasar Gwaram.

Wanda ya kai akuya kasuwa, in ya karɓi kuɗi ya miƙa igiya, magana ta ƙare. Gida kuwa yana nan inda ya ke. Mai saye zai zauna a ciki shekara da shekaru. Maƙwabta suna kallo, dangi suna wucewa ta ƙofar. Duk abin da aka yi ba daidai ba ran ciniki zai fito wata rana, kuma mai sayarwa za a nema. In mun duba kurakuran da masu gida ke yi, sai mu ga yawancinsu daga abu biyu su ke fitowa, watau gaggawa da ɓoyo. Mutum ya matsu, kuma yana jin kunyar a ce wane ya sayar da gidansa. Sai ya yi cinikin da dare, shi da dillali da mai saye kaɗai.

Gidan gado

Mu fara da wanda ya fi kai mutane gaban alƙali. Uba ya rasu ya bar gida. Babban ɗa shi ke zaune a ciki, shi ke yaɓe, shi ke gyaran katanga. Bayan shekaru sai ya ɗauka gidan nasa ne. Ranar da ya matsu sai ya sayar. To, ba nasa ba ne shi kaɗai. Muddin ba a raba gado ba, kowane magaji yana da rabo a cikin kowane ɗaki, har zaure, har rijiya.

Bari mu yi lissafi, don mu ga yawan hakkin da ke ciki. A ce mutum ya rasu ya bar mata 1, da 'ya'ya maza 2, da 'ya'ya mata 3. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Ba a binsa bashi, bai kuwa bar wasiyya ba. A ce an sayar da gidan naira 1,600,000. Matar tana da tumuni, watau kashi 1 cikin 8, naira 200,000 ke nan. Saura naira 1,400,000. Namiji yana ɗaukar rabon mace biyu. Maza 2 suna da kashi 4, mata 3 suna da kashi 3, duka kashi 7. Kowane kashi naira 200,000 ne. Watau kowane namiji ya sami 400,000, kowace mace ta sami 200,000.

Kun gani? Babban ɗan da ya sayar da gidan, rabonsa rubu'i ne kurum. Sauran naira 1,200,000 na mutum biyar ne. In da akwai bashi a kan mamaci, sai an fara biyansa tukuna. In akwai wasiyya, a fitar da ita, amma ba ta wuce sulusin dukiya.

Waɗanda a kan manta da su su ne mata da matafiya da marayu. Ƙanwa tana aure a Fagam, sai a ce ai tana ɗakin mijinta, me za ta yi da gida? Ƙane ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, shekara uku ba a gan shi ba, sai a ce in ya dawo a ba shi wani abu. Wannan ba ya wanke ciniki. A shari'a, wanda ya sayar da abin wani, cinikin yana rataye ne ga yardar mai abin. In ƙanwar nan ta ce ba ta yarda ba, rabonta bai sayu ba. Shirun da ta yi don kunyar yayanta ma kada a dogara da shi. Ita tana iya haƙura, amma 'ya'yanta za su girma, su kuwa ba su jin nauyin kawu kamar yadda ta ke jin nauyin wa.

Rabon maraya ya fi kowane tsanani. Zama wa ko baffa ba ya ba mutum ikon sayar da gidan yaro ƙarami. Sai wasiyyin da uban ya naɗa, ko alƙali, kuma sai da dalili, kamar ciyar da yaron ko biyan bashi.

Har wa yau akwai abin da malamai ke kira shuf'a. In magaji ɗaya ya sayar wa baƙo rabonsa tun ba a raba gida ba, sauran magada suna da ikon su biya baƙon abin da ya biya, su karɓe rabon. Wanda ke gari, ya ji labari, ya yi shiru har shekara ta zagayo, hakkinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa, nasa yana jiransa har ya dawo. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, maƙwabci ba shi da shuf'a, sai abokin tarayya. Duk da haka mu muna ganin kyautatawa ce ka fara yi wa maƙwabcinka tayi. Sau da yawa shi ya fi kowa bukatar wurin, shi kuma zai fi kowa saye da daraja.

Hanyar kuwa ba wuya gare ta ba. A tara magada duka. Wanda ya yi nisa a buga masa waya a gaban shaidu, ko ya wakilta wani. A kira malamin da ya san rabon gado, ko a je kotun shari'a a Birnin Kudu ko Gwaram, a raba, a rubuta. In gidan ba ya rabuwa, a sayar gaba ɗaya da yardar kowa, a raba kuɗin.

Ƙasar da gidan ke kai

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ginin naka ne, amma ƙasar tana hannun hukuma. A shekarar 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa. Dokar ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana don jama'a. Abin da mutum ke da shi shi ne hakkin zama da amfani. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, don tun 1910 Turawa suka yi doka mai kama da ita, aka sake ta a 1962.

Dokar ta raba ƙasa biyu. Wurin da gwamna ya ayyana birni ne, shi ke ba da takardar mallaka, kuma ba a sayarwa ko jinginarwa sai da izninsa. Ƙasar ƙauye kuwa ƙaramar hukuma ke ba da hakkin zama, kuma sai da amincewarta a ke sayarwa. Dokar ta ce cinikin da aka yi ba ta wannan hanya ba ɓatacce ne. Ba wasa ba ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wani gida a Legas da aka yi wa bankin Savannah, don ba a nemi iznin gwamna ba. Ku lura kuma, neman iznin nan a wuyan mai gida ya ke.

Sa hannun mai unguwa da hatimin dagaci suna da amfani ƙwarai, don su suka san asalin kowane gida, su kuma za a kira shaida. Kada a tsallake su don gudun ɗan abin da a kan bayar. Amma bayansu a ƙarasa sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen filaye, a tambaya. In gidan yana da takardar gwamna, sai an dangana da ma'aikatar ƙasa a Dutse. Rigimar irin wannan gida kuwa Babbar Kotu a kan kai ta, inda sai da lauya, kuɗin lauya kuma kowa ya san shi.

Tsofaffin takardu kada a yar. Waɗanda aka bayar kafin ran 27 ga Agusta, 1991, sunan Jihar Kano ke kansu, don a ranar aka yanke Jigawa daga Kano. Wannan bai kashe su ba. Su ne ma ke nuna daɗewar gidan a hannunku.

Kuɗin gida da dillali

Mai saye yana gane wanda ya matsu. In ka fito da gida a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, kowa yana neman kuɗin taki, wa zai taya da daraja? Masu kuɗi a hannu a lokacin kaɗan ne, su kuwa araha su ke nema. Da kaka, bayan an sayar da riɗi da gyaɗa da shinkafa, masu saye sun fi yawa. Ciwo ba ya jira, wannan mun sani. Amma biki yana jira, kujerar Makka ma tana jira.

Kafin ka yanka kuɗi, tambayi nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku irin naka a unguwar. Sa'an nan ka kira magini ya gaya maka abin da za ka kashe in za ka gina irinsa yau. Tsakanin 2023 da 2024 kuɗin buhun siminti ya ninka, kwano da katako suka bi shi. Wanda ya sayar da gida da lissafin da, ya zo gina wani, sai ya ga kuɗin sun ƙare tun ba a kai linta ba. Yanka kuɗin da ya wuce kima shi ma kuskure ne. Gidan zai daɗe a kasuwa, mutane su fara cewa lalle akwai wani abu a ciki.

Dillali yana da amfani, shi ya san mai nema. Amma a yanke la'adarsa tun farko a gaban mutane, a kuma faɗi wanda zai biya. Akwai dillalin da kan gaya wa mai gida kuɗi kaza, ya gaya wa mai saye wani kuɗin dabam, ya cinye tsakani. Maganinsa ɗaya ne. Kada ka ce ka sallama sai ga ka ga mai saye, ka ji kuɗin daga bakinsa. Kada kuma ka ba dillalai uku ikon sallamawa. Wannan ya sallama wa wani da safe, wancan ya sallama wa wani da la'asar, ka wayi gari ka sayar da gida ɗaya sau biyu. Ofishin 'yan sanda a kan ƙare irin wannan.

Ɓoye aibi

Bango ya tsage, sai mai gida ya sa a yi masa sabon yaɓe. Gara ta cinye azara, sai ya rufe da silin. Ruwa yana kwanciya a tsakar gida duk damina, sai ya bari sai rani ya fito da gidan. Gyara ba laifi ba ne. Share gida, da ɗaga katangar da ta faɗi, da shafa farar ƙasa, duk suna ƙara masa daraja. Laifin shi ne a rufe aibi don kada a gani. Ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, tun daga nan kuwa masu saye suka koyi tambayar inda ruwa ke bi. In kai ba ka faɗa ba, maƙwabci zai faɗa.

Shari'a ta ba mai saye hanya. In ya tarar da tsohon aibi wanda ba a nuna masa ba, in ƙarami ne a rage masa kuɗi gwargwadonsa. In babba ne ya mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. To, a ina za ka samo su, alhali ka riga ka kashe? Amma in ka kama hannunsa ka nuna masa tsagar, aka rubuta ya gani ya yarda, ba shi da sauran magana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Jingina ma aibi ce. In takardar gidan tana hannun wanda ke binka bashi, ko banki, a faɗa. Haka in akwai ɗan haya da ya biya kuɗin shekara, ko wani da aka ba aron ɗaki.

Iyaka

Nan mutane kan yi sakaci, su ce ai kowa ya sani. Tsofaffin da suka sani za su mutu. Danga kuwa tafiya ta ke yi, kowace shekara in an sake ta sai ta matsa taki ɗaya. A kira maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, su tsaya. A auna tsawo da faɗi da tef, a rubuta ƙafa nawa ne. A kafa dutse ko bulo a kowace kusurwa.

A kuma faɗi abin da ke cikin ciniki da abin da ba ya ciki. Mangwaron tsakar gida fa, da ɗorawar bayan gida? Rumbu fa, da garka? Rijiyar da gida biyu ke sha, da lungun da maƙwabci ke bi da shanunsa? Ina indararo ke zuba, ta ina kwata ke fita? Waɗannan ƙananan abubuwa ne ran ciniki. Ran da sabon mai gida ya toshe kwatar da ruwan gida uku ke bi, sai su zama manya, kai kuwa za a taso daga inda ka koma ka zo ka yi bayani.

Takarda

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke. Duk da haka sai ka ga an sayar da gida da baki, an tafa, an yi fatiha, an watse. Fatiha tana da kyau, amma a haɗa da alƙalami.

Takardar ba sai da Turanci ba. A rubuta da Hausa, boko ko ajami, yadda kowa zai gane. A sa kwanan wata. A sa sunan mai sayarwa, wane ɗan wane, da na mai saye. A faɗi unguwa, da maƙwabta huɗu, da awon fili. A faɗi yadda mai sayarwa ya sami gidan, gado ne ko saye ko kyauta. A rubuta kuɗi da lamba, a sake rubuta su da kalmomi, don sifiri ɗaya ba shi da wuyar ƙarawa ko gogewa. A rubuta abin da aka biya, da abin da ya saura, da ranar biyansa. Shaidu su zama aƙalla maza biyu adilai, waɗanda ba su da ci a cikin cinikin. Dillali yana da la'ada a ciki, saboda haka kada a dogara da shi kaɗai. A nemi masu ƙuruciya a cikin shaidun, don takarda ta kan fi dattijo tsawon rai. A yi kwafi uku, ɗaya naka, ɗaya na mai saye, ɗaya a wurin dagaci.

Kada ka dangwala yatsa a kan farar takarda, a ce za a cike daga baya. Kada ka dangwala a kan abin da ba ka karanta ba. Ta haka a kan mai da jingina ta zama sayarwa. Mutum ya karɓi rance a kan gidansa, yana tsammani in ya biya zai karɓi abinsa, ashe abin da ya dangwala wa hannu cewa ya yi ya sayar. Tun zamanin Turawa akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, tilas ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, shaidar cewa ya karanta masa ya fassara masa kafin ya sa hannu. In karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, zo da mai karatu naka, ɗanka ko malamin ajinku. Kada ka dogara da wanda mai saye ya zo da shi. Lambobi kuwa, da sunanka, da kalmar "sayar" da kalmar "jingina", kowane ɗan aji ya kamata ya iya nemo su da idonsa.

Karɓar kuɗi

Kafin alƙalami ba kuɗin kashewa ba ne. A Malikiyya ba a yarda a yi sharaɗin mai gida ya cinye shi in ciniki ya warware ba. Ajiye shi har magana ta tabbata.

In biya kaɗan-kaɗan za a yi, a rubuta wa'adi. Asalin takardun gida da mabuɗi su zauna a hannunka, ko a hannun amintacce, sai an cika. Wanda ya riga ya tare a gida ba ya saurin biyan saura. Kai da ke da gida sai ka koma mai sintiri a ƙofar zaurenka na da.

In ta banki aka turo, kada ka yarda da saƙon da ya shigo waya kurum, ko hoton rasit da mai saye ya nuna maka. Akwai na ƙarya. Je banki, ko ka duba asusunka da kanka, ka ga kuɗin sun zauna. In tsaba ne, a ƙirga a banki, inji ya tantance jabu. Ajiye miliyoyi a ƙarƙashin gado kuwa kiran ɓarawo ne, tun da gari duka ya ji an yi ciniki. Ga gobara, ga gara. Mun kuma ga wahalar da masu ajiyar tsaba suka sha a farkon 2023, da aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ko a banki ma kuɗi ba su son dogon zama. A 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara. Watau abin da naira 100,000 ta saya a farkon shekara, sai da fiye da 130,000 a ƙarshenta. Saboda haka tun kafin ka sallama, ka san filin da za ka saya ko abin da za ka sa kuɗin a ciki.

In gidan gado ne, a ba kowa rabonsa a zaman nan, ko a tura asusunsa, ya sa hannu ya karɓa. Kada wa ya ce zai riƙe wa ƙannensa mata ya juya musu.

Saura ranar tashi. Mai gida da yawa ya kan sallama tun iyalinsa ba su sani ba, sai dai su ga baƙo yana auna tsakar gida. A gaya musu tun da wuri, don su za su kwashe kaya, su kuma suka san abin da ke nasu a ciki. Wata matar da kuɗin sana'arta aka yi rufin ɗakinta, wata ita ta dasa zogalen bayan gida. A nemi wa'adin wata biyu ko uku a rubuce, gwargwadon yadda za a gama rufa ɗaki a sabon wuri. In da shuka a garka, a rubuta cewa sai an girbe. Damina kuwa in ta kusa, a sa ranar tashi ta faɗo bayan ɗaukewar ruwa.